Ma'anar ganin zurfi da aikin idanu biyu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon a ba ni fili in yi tsokaci a kan wata kalma da ta zama ruwan dare a bakunan jama'a da shafukan jaridu, wato 3D. Ana cewa fim ɗin 3D da talabijin ɗin 3D, har ta kai ga duk wani zanen kwamfuta da ya ƙayatar ana laƙaba masa wannan suna. Na shafe shekaru ina koyar da kimiyya, kuma kusan duk lokacin da na tambayi ɗalibai abin da kalmar take nufi, amsar da nake samu ita ce wani tabarau ne da ake sanyawa a gidan sinima. Wannan amsa tana damuna ƙwarai, domin ta ɗauke al'amarin daga inda yake ta ɗora shi a kan gilashi da allo, alhali kuwa a cikin kan mai kallo ake yin aikin gaba ɗaya, kuma duk mai lafiyayyun idanu biyu yana yin sa tun daga buɗe ido da safe har zuwa barci ba tare da ya sanya komai a fuskarsa ba.

Asalin maganar shi ne, kowane abu mai jiki yana da awo uku, abin da 3D take nufi ke nan: tsawo da faɗi da zurfi. Hoton da ke kan takarda biyun farko kawai yake da su. Abin da zai ba mai tunani mamaki shi ne, hoton da haske yake zanawa a kan tantanin da ke bayan ƙwayar ido shi ma haka yake, a shimfiɗe, babu gaba babu baya. To, daga ina zurfin da muke gani yake fitowa? Mai karatu zai iya samo bakin zaren amsar yanzu, kafin ya ajiye jaridar. Ya miƙa hannunsa gaba ya ɗaga babban yatsa, ya saita shi da wani abu mai ɗan nisa kamar gefen ƙofa, sannan ya rufe idon hagu ya duba da na dama, ya sake rufe na dama ya duba da na hagu. Zai ga yatsan yana tsalle daga wannan gefe zuwa wancan, ko da yake hannunsa bai motsa ba. Idan ya matso da yatsan kusa da hancinsa tsallen zai ƙaru, idan ya nesanta shi zai ragu.

Dalilin wannan tsalle shi ne tazarar da ke tsakanin idanun biyu, wadda a wajen babban mutum takan kai kimanin milimita 63. Kowane ido daga mazauninsa yake kallon duniya, saboda haka hotuna biyu ne suke isa ga ƙwaƙwalwa, masu kama da juna ƙwarai amma da ɗan bambanci. Ƙwaƙwalwa ba ta zubar da ɗaya ta riƙe ɗaya, kuma ba ta barin mu da gani biyu-biyu. Tana haɗa su wuri guda, tana auna yawan bambancin da ke tsakaninsu a kowane ɗigo, sannan ta mayar da wannan awo ya zama abin da muke ji a matsayin kusa da nesa. Wannan shi ne abin da nake kira ganin zurfi. Ita kuwa sitiriyoskofi, sunan da masana suka ba fasahar, dabara ce ta miƙa wa kowane ido hotonsa na daban, domin ƙwaƙwalwa ta yi aikin da ta saba yi ta fitar da zurfi daga abin da yake a shimfiɗe. Kalmar ta samo asali ne daga harshen Girkanci, daga kalmomi biyu masu nufin abu mai jiki da kuma dubawa.

Mutane sun daɗe da lura cewa idanu biyu ba abu ɗaya suke gani ba. Euclid, masanin lissafi na Girka, ya ambaci hakan a rubuce-rubucensa na ilimin gani tun kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Malam Ibn al-Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekara ta 965 kuma ya yi aikinsa a Alƙahira, ya yi gwaje-gwaje a kan yadda hotunan idanu biyu suke haɗuwa su zama ɗaya da kuma yanayin da ke sa mutum ya ga abu ɗaya ya zama biyu, ya rubuta su a cikin Kitab al-Manazir. Leonardo da Vinci, mai zanen nan na Italiya, shi ma ya yi nazari a kan dalilin da ya sa zanen mai zane, kome gwanintarsa, ba ya fitowa kamar abin da aka zana. Duk da haka, an kwashe ƙarnuka ana ɗaukar bambancin hotunan biyu a matsayin matsalar da ƙwaƙwalwa take gyarawa. Sai a shekarar 1838 Charles Wheatstone ya gabatar wa ƙungiyar masana ta Royal Society da ke Landan hujjar cewa shi wannan bambancin shi ne tushen ganin zurfi.

Na'urar da Wheatstone ya ƙera ba ta da wani sarƙaƙiya, kuma wannan ne ya sa nake ganin girman aikinsa. Madubai biyu ne aka haɗa bakinsu suka yi kusurwa, mai kallo ya kusanto da hancinsa wajen mahaɗarsu, ta yadda idon dama zai ga abin da ke gefen dama kawai, na hagu kuma abin da ke gefen hagu. A kowane gefe ya ajiye zanen layuka na siffa ɗaya, misali akwati, ɗaya kamar yadda idon dama zai gan shi, ɗaya kuma kamar yadda idon hagu zai gan shi. Da gangan ya bar zanen babu inuwa babu launi, don kada wani ya ce su ne suka kawo zurfin. Duk da haka, da zarar an leƙa sai akwatin ya tashi tsaye da jikinsa a sarari. Ya kamata a lura da cewa wannan ya faru shekara ɗaya kafin a sanar da duniya fasahar ɗaukar hoto ta Daguerre a Faransa a 1839, wato sitiriyoskofi ta girmi kyamarar da muka sani.

Bayan haka abin ya bazu da sauri. David Brewster na ƙasar Sikotilan ya fito da ƙaramar na'ura mai amfani da gilasan ƙara girma a 1849, aka nuna ta a babban baje kolin Landan na 1851, inda ta burge Sarauniya Victoria. A Amurka Oliver Wendell Holmes ya tsara wata mai sauƙi ta riƙewa a hannu wajen 1861, bai kuma yi mata rajistar mallaka ba, saboda haka kowa ya ƙera. Tabarau mai ja da shuɗi da na sinimar zamani duk jikokin madubin Wheatstone ne. Na farko yana tace hotunan biyu ta hanyar launi, na biyu kuma ta hanyar yanayin kaɗawar haske, haka kuma na'urar da ake ɗaurawa a kai tana ba kowane ido allonsa. Hanyoyin sun bambanta, amma buƙatar ɗaya ce, kada hoton dama ya shiga idon hagu.

Akwai wani gwaji da nake son masu karatu su sani, domin shi ne ya fi nuna cewa ƙwaƙwalwa ce mai aikin. Wajen shekarar 1960 Béla Julesz, wani masani ɗan asalin Hangari da ke aiki a ɗakunan bincike na Bell a Amurka, ya sa kwamfuta ta cika wani fili da ɗige-ɗigen baƙi da fari barkatai, babu wata siffa a ciki. Ya kwafi wannan fili, amma a cikin kwafin ya ɗan gusar da ɗigogin wani yanki mai kusurwa huɗu zuwa gefe, ya cike gurbin da wasu ɗigogin. Idan aka kalli kowane fili shi kaɗai, babu abin da ake gani sai tarkace. Idan kuwa aka ba kowane ido nasa, sai wannan yanki ya taso sama kamar yana shawagi a kan sauran. Siffar ba ta cikin hoton dama, ba ta cikin na hagu, a cikin bambancinsu take, kuma babu mai iya ciro ta sai ƙwaƙwalwar da ta karɓi duka biyun. Daga baya, a 1967, Horace Barlow da Colin Blakemore da John Pettigrew suka gano a ƙwaƙwalwar kyanwa wasu ƙwayoyin jijiya da suke amsawa ga wannan bambanci kansa, kowace da gwargwadon da ta fi so.

A nan dole in yi adalci ga wata tambaya da nake yawan samu, wato ko mai ido ɗaya ba ya sanin nisa. Yana sani, domin ƙwaƙwalwa tana da wasu alamomi da ido ɗaya ya isa ya kawo mata. Abin da ya kare wani yana gabansa, abin da muka san girmansa idan ya ƙanƙance ya yi nisa, gefunan hanya suna matsowa kusa da juna can gaba, dutse mai nisa yana dusashewa, sannan idan mutum ya motsa kansa abubuwan kusa sun fi na nesa saurin gilmawa. Da waɗannan ne mai zane yake yaudarar ido, kuma da su ne mafi yawan abin da ake kira 3D a wasannin kwamfuta yake aiki, domin hoto ɗaya ne idanu biyu suke kallo a kan allo. Ga abubuwa masu nisa kuwa, kusan dukkanmu da waɗannan alamomi muke dogara, saboda bambancin hotunan idanu biyu yana raguwa da sauri, idan nisa ya ninka sau biyu sai ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Inda ganin zurfi na idanu biyu yake nuna darajarsa shi ne a kusa, a iyakar inda hannu yake kaiwa da 'yan taku kaɗan gaba. Mai shakka ya rufe ido ɗaya ya gwada zura zare a kafar allura, ko ya riƙe biro biyu a hannuwansa ya yi ƙoƙarin haɗa tsininsu. Zai iya dacewa, amma zai ga hannunsa yana lalube, yana wucewa gaba ko yana tsayawa baya.

Halittar dabbobi ma tana ba da shaida. Zomo da doki idanunsu a gefen kai suke, suna ganin kusan duk kewayensu, abin da ya dace da wanda ake farauta. Kyanwa da mujiya da biri da ɗan Adam idanunsu a gaba suke, sun rasa ganin baya amma filayen ganin idanun biyu sun hau kan juna sosai, a wajen mutum kimanin digiri 120. Har ƙwaro bai fita daga wannan ba, domin masu bincike a Jami'ar Newcastle ta Ingila sun manna wa ƙoƙi-ƙoƙi ɗan ƙaramin tabarau mai launi biyu, suka nuna masa hoton abin farauta a kan allo, ya riƙa kai cafka a daidai lokacin da bambancin hotunan ya nuna cewa abin ya shigo inda ƙafafunsa za su kai.

Amfanin wannan ilimi ya wuce nishaɗi nesa ba kusa ba. A Yaƙin Duniya na Biyu masu nazarin hotunan sama a Medmenham ta Ingila sun riƙa ɗora hotuna biyu da jirgi ya ɗauka a jere ƙarƙashin sitiriyoskof, gine-gine da ramuka suka riƙa tasowa da tsayinsu, kuma wannan aiki ya taimaka wajen gane makaman roka na Jamus a Peenemünde a 1943. Masu zana taswira suna auna tudu da kwari ta wannan hanya. Likitan da ke yin aikin ido ko na ƙwaƙwalwa yana leƙawa ne ta madubin ƙara girma mai mazubin ido biyu, domin kuskuren milimita ɗaya a zurfi ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa. Motocin binciken da hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta saukar a duniyar Mars suna ɗauke da kyamarori bibbiyu a jere domin sanin nisan duwatsun da ke gabansu. Wani abin sha'awa kuma shi ne, a shekarar nan ta 1838 da Wheatstone ya gabatar da madubansa, Friedrich Bessel a Jamus ya auna nisan tauraron 61 Cygni da irin dabarar tsallen yatsa. Shi idanunsa biyu su ne mazaunin duniya a gefe biyu na zagayenta ga rana, wata shida tsakani, tazarar da ta kai kimanin kilomita miliyan 300.

Ya mai girma Edita, abin da ya fi tunzura ni in ɗauki alƙalami shi ne wani abu da ya faru a ajina. Na haɗa irin na'urar Wheatstone da madubai biyu da kwali, na zana akwatin nan biyu, ɗalibai suka yi layi suna leƙawa. Kowa ya leƙa sai ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ɗago da murmushi, wasu har suna miƙa yatsa su taɓa abin da babu shi. Da layi ya zo kan wani yaro ɗan shekara 14, mai ƙoƙari da natsuwa, ya daɗe a sunkuye, na gyara masa madubin har sau biyu. Daga ƙarshe ya ɗago ya ce, "Malam, ni zane ɗaya nake gani, kuma a kwance yake kamar na kan allo." Na sa ya rufe idonsa na dama da tafin hannu ya karanta abin da na rubuta a allo, sai ya kasa fitar da ko manyan haruffa. Shi kansa bai taɓa sanin haka idon hagunsa yake ba, domin na dama yana ɗauke masa duk nauyin. Da na yi magana da mahaifinsa, ya ce lallai tun yaron yana ƙarami an lura idon yana ɗan karkata, amma an ɗauka zai daidaita da kansa idan ya girma. An kai shi wajen likitan ido, aka ba shi tabarau, amma likitan ya bayyana cewa lokacin da magani ya fi tasiri ya riga ya wuce. Har yau idan na tuna yadda ya ajiye kwalin nan a hankali ya koma kujerarsa, raina yakan sosu, kuma ina zargin kaina da cewa na koyar da shi fiye da shekara ban lura ba.

Abin da ya sami wannan yaro yana da bayani a kimiyyance. Ba a haihuwar jariri da ganin zurfi, yakan bayyana ne wajen wata uku zuwa biyar da haihuwa, sannan ya ci gaba da ƙarfafa a shekarun farko, da sharaɗin idanun biyu suna kallon wuri ɗaya kuma kowanne yana kawo hoto mai kyau. Tsokoki shida ne suke juya kowane ido. Idan aikinsu bai daidaita ba aka sami hararagarke, ko kuma ido ɗaya yana buƙatar tabarau mai ƙarfi fiye da ɗayan, ko yana da yanar ido tun haihuwa, hotunan biyu ba za su haɗu ba. Ƙwaƙwalwar yaro sai ta guje wa gani biyu-biyu ta hanyar yin watsi da saƙon ido ɗaya, kuma idan aka daɗe a haka hanyoyin jijiyar wannan ido ba za su ginu yadda ya kamata ba, ko da ƙwayar idon kanta lafiyarta ƙalau. David Hubel da Torsten Wiesel sun nuna haka a gwajin da suka yi da 'ya'yan kyanwa, inda rufe ido ɗaya a farkon rayuwa ya bar tabo mai ɗorewa a ƙwaƙwalwa, alhali rufe shi a babbar kyanwa bai yi wannan ɓarna ba. Aikinsu a kan yadda ƙwaƙwalwa take sarrafa gani ya sa aka ba su kyautar Nobel a 1981.

Maganin kuwa sananne ne idan an zo da wuri: tabarau da ya dace, rufe lafiyayyen idon na wasu sa'o'i a rana domin a tilasta wa raunannen yin aiki, wani lokaci kuma tiyata a kan tsokokin. Ya fi cin nasara kafin yaro ya kai shekara bakwai ko takwas. Ba na cewa ƙofa tana rufewa ruf bayan haka, domin akwai labarin Susan Barry, farfesar ilimin jijiyoyi a Amurka, wadda ta tashi da hararagarke kuma ta fara ganin zurfi tana da shekara 48 bayan doguwar horar da idanu. Labarinta abin ƙarfafa gwiwa ne, amma kuskure ne iyaye su jingina da shi su jinkirta, tunda ba kowa ne yake samun irin wannan sakamako ba.

Ko ciwon kai da jiri da wasu suke ji a fim ɗin 3D suna da alaƙa da wannan bayani. A rayuwa ta yau da kullum, inda idanu biyu suka karkata suka haɗu nan ne kuma kowane ido yake daidaita ganinsa. A sinima kuwa ana sa idanu su haɗu a kan abin da ya yi kamar ya fito gaban hanci, alhali dole su ci gaba da daidaita gani a kan allon da ke can nesa, kuma wannan saɓani yana gajiyar da su. Wanda kuma ya sanya tabarau ya ga babu abin da ya canza ko kaɗan, yayin da na kusa da shi suke kaucewa abin da ke tahowa, bai kamata ya tsaya ga zargin tabarau ba, ya dace ya je a duba idanunsa.

Saboda haka ina da roƙo guda biyu ga wannan jarida. Na farko, idan za a yi rubutu a kan wannan fanni a riƙa bambanta zanen da aka yi masa inuwa da siffa don ya yi kama da mai jiki, da hoton da ake ba kowane ido nasa, kuma a gwada amfani da ganin zurfi ga abin da idanu da ƙwaƙwalwa suke yi, a bar sitiriyoskofi ga fasahar da ke kwaikwayonsa. Idan masana harshe suna da kalmar da ta fi wannan dacewa, zan yi farin cikin karanta ta a wannan shafi. Na biyu, ina roƙon a gayyato likitan ido ya yi wa iyaye da malaman firamare bayani a shafinku na lafiya a kan alamomin da za su lura da su: idon da ke karkata ciki ko waje bayan jariri ya wuce wata huɗu zuwa shida, yaron da ke karkatar da kai ko runtse ido ɗaya idan zai kalli abu, da wanda yake fusata idan an rufe masa wani ido amma bai damu ba idan an rufe ɗayan. Ni dai tun daga abin da ya faru da wancan ɗalibi, a makon farko na kowace shekarar karatu nakan sa kowane yaro a ajina ya rufe ido ɗaya ya karanta allo, sannan ya rufe ɗayan, kuma wanda na ga bambanci a wurinsa nakan rubuta wa iyayensa takarda a ranar.

Na gode da wannan fili da aka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridarku ɗaukaka.

Wassalam,
Naku mai karatu, wani malamin kimiyya